Kawu Giris da Birkin Manaja

Kawu Giris bai taɓa yin wata sana'a ba sai gyaran keke. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga shagon Tsoho, wanda ke bakin babban titi tsakanin kantin magani da wurin wankin mota, kuma shekara talatin da ɗaya ya yi a can, a kan wata 'yar gajeriyar kujera mai ƙafa uku da ya ɗaure da tsohon tif na tayar keke. Sunan Giris kuwa hannunsa ne ya jawo masa. Matarsa ta ce ko ranar aurensu sai da ya goge yatsunsa da kananzir sau uku, amma baƙin maiƙon bai fita daga ƙarƙashin faratansa ba.

Ni ta ƙungiyarmu ta masu hawan keke na san shi. Mun kai mutum ashirin, malaman makaranta, ma'aikatan ofis, da wani likitan haƙori mai ƙaton tumbi. Da zarar kaka ta shigo, ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, ganye ya fara zuba a gefen hanya, sai mu soma fita kowace Asabar da safe. A ƙofar shagon Tsoho muke taruwa. Kafin mu tashi Kawu yakan bi kekunan ɗaya bayan ɗaya, ya matsa taya da babban yatsa, ya ja birki, ya ɗaga ƙafar baya ya juya feda yana kasa kunne.

"Likita," yakan ce, "yaushe rabon kacar nan da mai? Ba ka jin kukanta? Da tana da baki da tuni ta kai ƙararka."

Mutum ne mai gaskiya a aiki, amma yana da riƙo, kuma kowa ya san haka. Shekara tara ya yi ba ya amsa gaisuwar ƙaninsa, saboda ƙanin ya ari sifanarsa ya ɓatar, sannan ya rantse cewa ya mayar.

Da ciwo ya kwantar da Tsoho, sai mijin 'yarsa ya karɓi shagon. Shi da kansa ya ce a riƙa kiransa Manaja. Ya sa aka yi fenti, aka sa ƙofar gilashi, aka jera kekuna masu batir a gaba da fitilu a kansu. Lokacin ne irin waɗannan kekunan suka cika gari, ma'aikata na zuwa aiki da su, masu kai saƙo na ta zirga-zirga a kai. Kawu kuwa aka tura shi can baya, kusa da banɗaki, domin a cewar Manaja warin giris na korar manyan mutane. Kawu ya ɗauki kujerarsa ya koma.

Rigimar ta fara ne ranar da aka sauke wasu kwalaye na takalmin birki, wato 'yan abubuwan nan da ke cafke ƙafar keke su tsayar da ita. Babu sunan kamfani a jikinsu. Kawu ya ciro guda ya kankare shi da farce, sai ya ga yana marmashewa kamar gari.

"Manaja, wannan ai sabulu ne, ba birki ba. Keke mai batir yana da nauyi, ga gudu. In wannan ya yi zafi ba zai riƙe ba."

"Kawu, kai dai ka sa abin da aka ba ka."

"Ni hannuna ba zai sa shi ba."

Manaja ya yi murmushi ya ce to shi ke nan. Daga ranar, duk keke mai batir da aka kawo, shi da kansa yake canza masa birki a gaba, yana cewa ai wannan aikin zamani ne, ya fi ƙarfin tsofaffi.

A cikinmu akwai wata malamar lissafi, mace mai fara'a, wadda da kekenta mai batir take zuwa makaranta kullum. Wata Juma'a ta kawo shi a canza birki, daidai lokacin da aka aiki Kawu ɗauko kaya. Manaja ne ya yi aikin bayan ta tafi. Washegari da safe Kawu ya bi kekunanmu kamar yadda ya saba, ya ja birkin na Malama, ya ji ya cafke. Irin wannan takalmin yana kamawa in yana da sanyi. Sai ya buga sirdin ya ce, "Lafiya lau, Malama, Allah ya kiyaye hanya."

Hanyarmu ta ranar ta bi ta wani dogon gangare da ke bayan gari, wanda ke ƙarewa da kwana da wata siririyar gada. Ina bayanta. Na ga tana matsa birki tun daga tsakiya, na ji warin ƙonewa, sannan na ji ta ƙwalla salati. Ba ta sha kwanar ba. Ta daki ƙarfen gadar, ta karye a kafaɗa da wuyan hannu, fuskarta duk ta ɗaye.

Bayan an kai ta asibiti muka koma shagon da keken a bayan mota, rai a ɓace. Manaja ya fito ya dafe kai, sannan ya ƙwala wa Kawu kira a gaban kowa.

"Na sha faɗa maka ka daina taɓa kekunan nan! Ido ya tafi, hannu na rawa, amma ka ƙi ji. Ga shi yanzu ka kusa kashe 'yar mutane."

Kawu ya fito da tsumma a hannu. Ya dubi keken, ya dubi Manaja.

"Ni ban taɓa birkin nan ba."

"Ba ka taɓa ba? Jama'a, wa kuka ga ya duba birkin nan yau da safe ya ce lafiya lau?"

Duk mun gani. Babu wanda ya kare shi, har da ni. Kawu ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya shekara goma yana busa wa taya kyauta, bai samu wanda ya haɗa ido da shi ba. Manaja ya shiga ciki ya ɗauko kujerar mai ƙafa uku ya wurgo ta bakin titi. Kawu ya tattara sifanu da filaya da famfonsa a cikin buhu, ya ɗauki kujerar, ya tsaya dab da Manaja ya ce a hankali, "Ka riƙe ranar nan da kyau. Ni ma na riƙe."

Kwana biyu bayan haka ya je asibiti duba Malama. Mijinta ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Baba, don girman furfurarka, juya ka tafi." Matar Kawu, wadda ke aiki a sashen wanki na asibitin, ta gan shi yana saukowa daga bene da ledar lemun da ya kai. Ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya kafa aiki a ƙarƙashin matakalar gidan hayar da suke zaune, ya rataya tsohuwar taya a jikin bango don a san mai gyara na nan. Wata uku ba ya samun komai sai faci. Labari ya riga ya zaga. Har wasu marasa kunya suka laƙaba masa Kawu Ba-Birki, in sun wuce su faɗa da ƙarfi. Yakan zauna yana goge sifanar da ba ta yi datti ba.

Matarsa, wadda yake kira Maman Auta, ita ma keke mai batir take hawa zuwa aiki. Ranar Lahadi ba ta fita, sai Kawu ya shigo da keken tsakar ɗaki, ya shimfiɗa kwali, ya warware shi kaf: batir gefe, injin da ke cikin ƙafar baya gefe, 'yar akwatin da wayoyi ke haɗuwa gefe.

"Baban Auta, wallahi in keken nan bai tashi gobe ba, kai za ka goya ni har asibiti."

"Zai tashi."

"Wancan makon ma haka ka ce, na je ina tuƙa feda kamar mai gudun tsira."

"Wancan makon waya guda na juya. Yau na gane ta."

Haka ya yi ta yi har ya san kowace waya da launinta da inda ta nufa. Ya koyi gane batirin da ruwa ya shiga, da cajar da ke cin batir, da injin da yashi ya lalata. Masu kai saƙo ne suka fara zuwa, saboda shi kaɗai ke buɗewa tun ƙarfe shida da rabi, kuma ba ya ce wa mutum ya dawo gobe. Da yawansu a shagon Manaja suka sayi kekunan, ko a can aka taɓa yi musu gyara. Duk wanda Kawu ya buɗe birkinsa sai ya tarar da irin takalmin nan mai marmashewa. Yakan cire ya sa nagari, ya ɗaure tsohon da 'yar waya, ya rubuta sunan mai keken da ranar a jikin kwali, ya jefa cikin wani gwangwanin fenti da ya ajiye a bayan ƙofa. Ba ya faɗa musu dalili. Sai dai ya ce, "Ya cinye ne."

Wata rana Maman Auta ta dawo ta tarar da shi a kicin, ya riƙe takalmin birki da filaya a kan wuta.

"Yanzu abinci zan ɗora ko birki?"

"Zo ki gani."

Ya sauke shi, ya danna da sukundireba, sai fuskar ta narke ta zame kamar kitse. Ta daɗe tana kallo.

"To ai ga shaidarka. Ka kai wa hukuma gobe."

"Ba yanzu ba."

"Sai yaushe?"

"Sai kaka. A gaban mutane ya tozarta ni. A gabansu zan mayar masa, su ɗin dai, ba wasu ba."

"Daga nan zuwa kaka wata nawa ne? Duk waɗanda ke yawo da wannan abin a ƙafar kekensu fa? Ba 'ya'yan wasu ba ne?"

Abin da Kawu ya yi kawai, ya sa masu kai saƙo suka baza cewa yana duba birki kyauta. Wasu suka zo, wasu ba su zo ba. Dole in faɗi wannan domin gaskiya ce: Kawu ya fi son ramuwarsa a kan ya yi gargaɗi da wuri. A tsakiyar damina wani magidanci mai kai magani, wanda bai taɓa zuwa wurinsa ba, birkinsa ya ƙi kamawa, ya daki bayan motar haya a mahaɗa, haƙoransa huɗu suka zube. Maman Auta ce ta wanke zanin gadonsa a asibiti. Mako guda ba ta yi wa mijinta magana ba, abinci ma a kan tebur take ajiyewa ta wuce. Kawu ya rame a makon nan, amma bai canza shawara ba. Ya dai je ya karɓo keken mutumin ya gyara masa, ya jefa takalmin cikin gwangwani.

A daminar nan ne ni ma na faɗa hannunsa. Ina dawowa daga aiki ruwa ya kama ni, kekena ya mutu a kan layinsu. Na tura shi har ƙarƙashin matakalar ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Sannu, Kawu."

"Yauwa. Ajiye shi nan."

Bai tambayi gida ba, bai tambayi aiki ba. Ya buɗe wurin batir, ya busar da wata waya, keken ya kama. Sannan ya sunkuya ya zare birkina na gaba, ya kunna 'yar wutar da yake narka dalma, ya gasa shi a gabana ya danna. Na ga ya zame.

"Da wannan kake goyon 'yarka zuwa makaranta," in ji shi.

Na ce, "Kawu, ka yafe mana. Wallahi ba mu sani ba."

"Ba maganar yafiya nake ba. Kai ne mai tsara hanya a ƙungiyar, ko an canza?"

"Ni ne."

"Fitar farko ta kaka, ku bi ta gangaren gada. Ku tsaya shan ruwa a sama. Kuma ka tabbata Malama ta zo, ko a mota ne. Ba na son kowa ya ji."

Na ce to.

Kafin lokacin Manaja ya shiga ƙungiyarmu. Ya sayi matsattsun kaya masu sheƙi da hular kwano ja, yana jan gaba a kan sabon keke mafi tsada a shagonsa, don talla. Ranar Asabar ɗin gari ya yi daɗi, iska mai sanyi, gonaki a gefen hanya an fara girbe su. Malama ta zo, amma a motar mijinta, domin tun faɗuwar ba ta sake hawa keke ba, hannun ma ba ya miƙewa sosai. Da muka iso saman gangaren na ɗaga hannu aka tsaya.

Kawu na zaune a kan wani dutse a gefen hanya, tsohon kekensa jingine da bishiya, gwangwanin fenti a tsakanin ƙafafunsa. Ya miƙe, ya zo tsakiyarmu, ya kifar da gwangwanin a kan kwalta. Takalman birki suka watsu, kowane biyu ɗaure da kwalinsa.

"Ina kwananku," ya ce. "Ba zan ɓata muku lokaci ba."

Ya fara ɗauka yana karantawa. Sunan mai kai burodi. Sunan ma'aikaciyar banki. Sunana. Sunan matar Likita, wadda ashe ta kai masa kekenta ba tare da mijin ya sani ba. Sunan mai kai maganin da ya rasa haƙora. Arba'in da bakwai ya karanta, bai tsallake ko ɗaya ba, muna tsaye ruwa a hannu mun kasa sha.

"Duk daga shago ɗaya suka fito. Manaja, ko ƙarya nake?"

Manaja ya yi dariya, amma dariyar ba ta zauna ba. "Jama'a, kun ga abin da hassada ke sa tsoho? Kayana masu kyau ne. Kowa a garin nan irinsu yake sawa."

"Har da kai?"

"Har da ni mana."

Kawu ya durƙusa gaban sabon keken ya leƙa. Ya kira Likita ya ce ya sa tabarau ya leƙa shi ma. Likita ya duba ya ce, "Wannan kam da sunan kamfani a jiki. Launinsa ma daban."

"Nasa nagari ne," in ji Kawu. Ya zura hannu a aljihu ya ciro wata leda a manne, da tambarin shagon a kai. "Wannan jiya matata ta sayo a hannunka, ba ka gane ta ba. Ba a buɗe ba, kowa ya duba. Tunda ka ce mai kyau ne, bari in sa maka. Sai ka sauka gangaren nan, muna kallo. In ka kai gada lafiya, ni da bakina zan ce ni na karya Malama, kuma ba zan sake riƙe sifana ba har in mutu."

Manaja ya ce shi ba zai biye wa wasan yara ba, ya kama kan keken zai juya. Likita ya sa hannu ya riƙe sirdin. Ban taɓa sanin yana da ƙarfi haka ba.

"Manaja, matata ce ke hawa da wannan abin. Bari a sa."

Minti goma Kawu ya yi, gaba da baya, ba gaggawa. Ya ɗaure kowane noti, ya juya ƙafar, ya ja birkin ya cafke. Ya goge hannu ya ja da baya.

"Bismillah."

Manaja ya hau. Ya ɗora ƙafa ɗaya a feda, ɗayar na ƙasa. Ya dubi gangaren, dogo, har can inda ƙarfen gadar ke ƙyalli, wanda har yanzu akwai lanƙwasa a inda Malama ta daka. Zufa ta fara ɗiga daga ƙarƙashin jar hular.

Malama ta fito daga mota, ta tako har gabansa.

"Hau mana. Ni ai na hau."

"Malama, ni ma haka aka kawo min su. Ban san..."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Wa ya sa min nawa?"

Ya kau da kai.

"Da kai nake. Wa ya sa min?"

"Ni ne."

"Ƙara faɗa, mijina bai ji ba."

"Ni ne na sa."

Ya sauko daga keken. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya taɓa shi. Ya nemi Kawu ya mayar masa da nasa takalmin, Kawu ya ce ai ya riga ya sa su a aljihu, sun zama shaida. Komawa baya kuwa hanya ce mai nisa. Dole ya kama keken nan mai nauyi ya fara tura shi ƙasa da ƙafa, takalman hawan kekensa na ƙwas-ƙwas a kan kwalta. Kawu ya sa kowa ya tsaya har sai da ya duba birkinsa, ya canza wa mutum uku a nan take. Sannan muka sauka ɗaya bayan ɗaya muna wuce Manaja. Kawu ne na ƙarshe, kuma shi bai wuce ba. Ya dafe birkinsa ya bi bayan Manaja taku da taku, yana kaɗa ƙararrawa, ƙirrin, ƙirrin, tun daga sama har gada. Muna can ƙasa muna jiyo ta. Wasu suka yi dariya. Ni kam ban iya ba, don na tuna yadda na tsaya bara a ƙofar shagon ban kare Kawu ba.

A bakin gadar mijin Malama ya cire hularsa ya ce, "Baba, na yi maka rashin kunya a asibiti."

"Ka yi," in ji Kawu. "Amma kai matarka ce a kwance. Ya wuce."

Mijin Malama ne ya kwashi takalman ya kai wa hukuma. Aka rufe shagon don bincike, aka kwashe kwalayen, aka kira duk wanda aka sa wa ya zo a canza. Da aka sake buɗewa babu mai shiga. Kekunan suka yi ta zama a bayan gilashi har tayoyinsu suka sace.

Wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gidan su Kawu. 'Yar Tsoho ce ke tuƙi, matar Manaja, wadda Kawu ne ya koya mata hawan keke tana ƙarama, yana riƙe da sirdi yana gudu a bayanta. Tsoho na kujerar baya, rabin jikinsa ba ya motsi. Kawu ya jefar da abin da ke hannunsa, ya je ya durƙusa a bakin ƙofar motar ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Giris," in ji Tsoho, bakinsa na karkacewa, "ka dawo. In mutane suka gan ka a ciki za su dawo. Shagon nan ni da kai muka gina shi."

"Baba, shi yana nan?"

"Mijin 'yata ne. Ina zan kai shi?"

"To ka gafarce ni, Baba. Rufin da ya rufe shi ba zai rufe ni ba."

'Yar Tsoho ta fashe da kuka. "Kawu, don Allah. Ko don ni. 'Ya'yana uku."

Kawu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ke kekenki ko na 'ya'yanki, kowane lokaci ki kawo. Amma wancan ƙofar na fita ke nan."

Wata huɗu bayan haka aka sayar da shagon, ya zama wurin sayar da wayoyi. Ranar da aka sauke allon sunan shagon, Maman Auta ta gani a hanyarta ta dawowa daga aiki. Ta shigo ta jingine kekenta ta sa caji, ta ce, "To, Baban Auta, ka ci nasara. Shekarunka talatin da ɗaya ma suna ciki, an kwashe su tare da shara." Ranar bai ci abincin rana ba. Amma da na tambaye shi daga baya ko ya yi nadama, cewa ya yi abu ɗaya ne kawai ke damunsa, haƙoran mai kai magani.

Manaja ya taɓa zuwa da kansa. Ina wurin. Ya zo da kaya na mutunci, ba jar hula, ya tsaya a bakin matakalar ya yi sallama, ya ce ya zo neman gafara. Kawu na gyara wata ƙafar keke da ta karkace, yana juya ta yana ɗaure sifok, wato siraran ƙarafanta, ɗaya bayan ɗaya. Ya amsa sallamar, bai ɗago ba. Manaja ya yi ta magana, ya ce shaiɗan ne, ya ce matsin kasuwa ne. Da ya gama sai Kawu ya ce, "Ɗan matsa, kana tare min haske." Manaja ya matsa. Ya ƙara tsayuwa kaɗan, ya tafi.

Yanzu a ƙofar gidan su Kawu muke taruwa ranar Asabar. Mai gidan ya ba shi ɗakin ajiyar da ke ƙasa, ya sa kanta da fitila da wurin cajin batir shida, kuma tun da asuba masu zuwa aiki ke yin layi. Malama ta sake hawa keke a kakar da ta biyo baya, a hanya mai shimfiɗe, Kawu na gefenta.

Tsoho ya rasu a farkon wannan shekarar. Kawu ya rufe wurin aikinsa kwana uku, abin da bai taɓa yi ba ko da yana zazzaɓi. Mun je ta'aziyya tare. Dangi na jere a tsakar gida, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, hawaye na bin gemunsa. Da ya iso kan Manaja, wanda ya riga ya miƙo nasa hannun, sai ya ce, "Allah ya jiƙan Baba," ya wuce zuwa na gaba. Hannun ya daɗe a miƙe kafin mai shi ya mayar.

Labarin ya riga mu isa gida. Maman Auta na tsaye a kan matakala da bokitin shanya.

"Har a gidan rasuwa, Baban Auta?"

"Na yi masa ta'aziyya."

"Allah ya shirye ka."

"Amin," in ji shi. Ya cire rigar fita ya miƙa mata, ya tambaye ta ko waɗancan kekuna ukun da ke jingine da bango tun ɗazu aka kawo su.